Tsofaffin finafinan Hollywood: tambayoyin da ake yawan yi min in hira ta biyo ta kansu

Ni dai tun da na kamu da son finafinan Amurka na da can, irin na baƙi da fari ɗin nan da waɗanda suka biyo bayansu, duk majalisar da aka zauna ana hirar fim in na kawo zancensu sai tambayoyi su ɓarke, kuma in ka lura kusan iri ɗaya ne kullum, wani da gaske yake so ya fara kallo bai san ta ina zai kama ba, wani kuma mamaki ne ya ishe shi wai mutum zai zuba datarsa a kan fim ɗin da ya girmi kakansa. Shi ya sa na ce bari in tara tambayoyin wuri ɗaya in amsa su a tsanake, yadda zan amsa wa ɗan'uwa in muna zaune a tabarma ɗaya.

In an ce tsohon Hollywood, su Rambo da Commando ake nufi?

A'a, waɗannan ai jikoki ne. Rambo na farko a 1982 ya fito, Commando kuma 1985. Abin da masu son harkar suke nufi shi ne daga wajen 1927, shekarar da kamfanin Warner Bros. ya saki The Jazz Singer wanda a cikinsa aka fara jin muryar ɗan wasa yana magana a dogon fim, zuwa farkon shekarun 1960. Wasunmu kuma muna haɗawa har da zamanin da fim ba ya magana sam, lokacin su Charlie Chaplin da Buster Keaton, don gaskiya ba zai yiwu ka yi zancen gida ka tsallake tubalinsa ba. A wancan zamanin manyan kamfanoni biyar ne suke riƙe da wuyan harkar, MGM da Paramount da Warner Bros. da 20th Century Fox da RKO, sai wasu uku da ke biye da su, Universal da Columbia da United Artists. Shi wannan na ƙarshen 'yan fim ne da kansu suka kafa shi a 1919, Chaplin na cikinsu.

Me ya kai su Kalifoniya tun farko?

Rana da fili da kuma gudun rigima. Da farko a wajajen New York da New Jersey ake yin fim, to can Thomas Edison da abokan kasuwancinsa sun kankane haƙƙin mallakar na'urorin ɗaukar hoto suna ta maka mutane a kotu, sai ƙananan masu shirya fim suka yi ta ƙaura yamma inda ake samun hasken rana kusan duk shekara, ga teku ga duwatsu ga hamada duk a kusa. Shi kansa ƙaton rubutun nan na Hollywood da ke kan dutse a 1923 aka kafa shi kuma tallan filaye ne, Hollywoodland aka rubuta, sai a 1949 aka cire ƙarshen.

Wai baƙi da fari ba ya gundurar ka? Ba su da kala ne a lokacin?

Wallahi minti goma na farko ne kawai ido yake neman kala, daga nan sai ka manta. Kuma kalar akwai ta, tun 1935 aka yi Becky Sharp da cikakkiyar kala ta Technicolor, a 1939 kuma ga Gone with the Wind ga The Wizard of Oz duk masu kala ne rangaɗau. Matsalar tsada ce, kyamarar ƙatuwa ce mai cin zaren fim uku a lokaci guda, sannan sai an kunna fitilu masu zafin gaske har 'yan wasa su yi ta zufa, don haka sai fim ɗin da aka ware wa kuɗi masu yawa ake yi da ita.

Amma abin da nake so mutane su gane shi ne ba kullum rashi ne ya sa aka yi baƙi da fari ba, wani lokacin zaɓi ne. Alfred Hitchcock ya yi finafinai masu kala da dama kafin ya dawo ya yi Psycho a 1960 da baƙi da fari. Ka samu Double Indemnity na 1944 ko The Maltese Falcon na 1941 ka ga yadda ake wasa da haske da inuwa, mutum yana tsaye rabin fuskarsa a haske rabi a duhu, tun kafin ya buɗe baki ka san akwai abin da yake ɓoyewa. A shekarun 1980 an yi yayin shafa wa tsofaffin finafinai kala da kwamfuta, daraktoci da 'yan wasa da yawa suka yi ca a kan abin, kuma ni ina bayansu, in ka ga mai kalar shafe da na asali to ɗauki na asalin.

Me ya sa a finafinan Chaplin mutane suke tafiya da sauri-sauri kamar ana korar su?

A zamanin da ba magana da hannu ake juya kyamara, yawanci hoto 16 zuwa 18 ne ko sama kaɗan a cikin daƙiƙa ɗaya. Da sauti ya zo sai aka tsayar da 24. To in ka ɗauko abin da aka ɗauka a 16 ka haska shi a 24 dole kowa ya riƙa gudu. Masu barkwanci kuma wani lokacin da gangan suke rage juyin don tsere ya ƙara ban dariya. Kwafin da aka gyara da kyau za ka ga tafiyar ta dawo daidai.

To ni ban taɓa kallo ba, da wanne zan fara?

Wannan ce tambayar da na fi son a yi min. In Turanci yana ba ka wahala, ko kuma da yara za ku kalla, fara da Chaplin don shi ba ya buƙatar fassara. The Kid na 1921 labarin wani talaka ne futuk da ya tsinci jariri a yashe a lungu ya raine shi, yaron ya taso yana fasa gilasan tagogin mutane da dutse shi kuma uban riƙon ya biyo baya da gilashi a baya yana neman aikin gyara, kana cikin dariya sai hukuma ta zo za ta ƙwace yaron ta kai shi gidan marayu, wurin nan na ga manyan mutane sun yi shiru suna share ido. Daga nan ka wuce City Lights na 1931, na makauniya mai sayar da furanni da ta ɗauka shi attajiri ne. Ba zan ce komai a kan ƙarshensa ba, ka kalla kawai.

In kuma kana jin Turanci ko ka samu mai rubutun fassara a ƙasa, to 12 Angry Men na 1957. Mutum goma sha biyu ne aka kulle a ɗaki ɗaya ranar da ake zafi, su ne za su yanke ko wani matashi ya kashe mahaifinsa, sha ɗaya sun ce ya aikata suna sauri su tafi harkokinsu, mutum ɗaya ya ce shi dai a tsaya a sake duba hujjojin tukuna tunda ran ɗan'adam ne. Ba harbi ba tseren mota, kusan duk fim ɗin a ɗakin nan ne, amma ban taɓa ba wa wani shi ya dawo ya ce ya yi barci ba. Duk wanda ya taɓa zama a wajen sulhu ya ga yadda son zuciya yake shiga hukunci zai gane mutanen ɗakin nan ɗaya bayan ɗaya.

Sai Rear Window na 1954, mai ɗaukar hoto ya karye a ƙafa yana zaune a taga yana leƙen maƙwabta har ya fara zargin wani ya kashe matarsa. Sai Casablanca na 1942 ga masu son soyayya irin wadda ake haƙura da abin da ake so saboda abin da ya fi shi girma, wanda ya saba da fim ɗin Indiya na da zai ji shi kamar a gida.

Casablanca ɗin a Maroko aka ɗauke shi?

Ko kusa. A cikin situdiyon Warner Bros. da ke Burbank aka gina garin, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da ya ba shi rai shi ne da yawa daga cikin masu fitowa a matsayin 'yan gudun hijira da gaske 'yan gudun hijirar ne da suka tsero daga Turai saboda Hitila, har shi Conrad Veidt da ya fito a hafsan sojan Jamus, wato bos ɗin fim ɗin, barin Jamus ya yi saboda adawarsa da 'yan Nazi. Abin da za ka lura da shi kuma, gari ne na Larabawa da Musulmi amma su mutanen garin kusan ba su da ta cewa a labarin.

Za a iya kallon su da iyali a falo?

Mafi yawansu e, kuma dalilin shi ne su ma sun yi zamanin tace finafinai mai tsanani. Akwai wata doka da kamfanonin suka ɗora wa kansu, ana ce mata dokar Hays, an rubuta ta a 1930 amma sai a 1934 aka fara aiki da ita ba sani ba sabo a ƙarƙashin wani Joseph Breen. Ta hana tsiraici da ashar da yi wa malaman addini ba'a, kuma ta ce duk wanda ya aikata laifi a fim dole ya ga sakayya kafin a tashi, har ta kai ana nuna miji da mata kowa da gadonsa. Wannan takurar ce ma ta sa marubuta suka ƙware da habaici da magana a dunƙule, babba ya gane yaro bai gane ba.

Amma kar in yaudare ka ɗan'uwa, akwai sumbata, akwai giya, sigari kuwa kamar ba a san yana kisa ba, kamfanonin taba ma biyan taurari suke yi su yi musu talla. Waɗanda aka yi tsakanin 1930 da 1934 sun fi sakin jiki, haka ma na bayan tsakiyar shekarun 1960. Sannan akwai irin su The Ten Commandments na 1956 da aka sa ɗan wasa ya fito a matsayin Annabi Musa, ni wannan ba na sa shi a gidana kuma ina gaya wa mutane tun kafin su sauke don kowa ya san abin da ke ciki.

The Message da fim ɗin Umar Mukhtar fa, na tsohon Hollywood ne?

Ba na kamfanonin Hollywood ba ne, kuma sun zo bayan zamanin. Moustapha Akkad, mutumin Halab ta Siriya da ya yi karatun fim a Amurka, shi ya yi The Message a 1976 a Maroko da Libiya, ya ɗauke shi kashi biyu, na Larabci da na Turanci kowanne da 'yan wasansa, kuma bai nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba. Alaƙar ita ce Anthony Quinn, wanda ya fito a Sayyidina Hamza sannan ya fito a Umar Mukhtar a Lion of the Desert. Shi kam ɗan tsohon Hollywood ne na gaske, haifaffen Meziko a 1915, ya ci Oscar, babbar kyautar fim ta Amurka, sau biyu a shekarun 1950 tun kafin mu san shi da rawani. Haka Omar Sharif ɗan Masar, Lawrence of Arabia na 1962 ne ya fito da shi duniya.

Gaskiya ne taurarin ba su da 'yanci, kamfani ne ke mallakar su?

Kusan haka ne. Za a sa ka hannu a kwantiragin shekara bakwai, kamfani ne zai zaɓa maka fim, ya koya maka tafiya da magana, in ya ga dama ya ba da aron ka ga wani kamfanin, har sunan da iyayenka suka raɗa maka sai a canza. John Wayne sunansa Marion Morrison, Cary Grant kuma Archibald Leach ne ɗan Ingila, Marilyn Monroe ita ce Norma Jeane. Rita Hayworth asalin sunanta Margarita Cansino, mahaifinta ɗan Sifaniya ne, sai da aka rina mata gashi aka cire na gaban goshinta don kar ta yi kama da baƙuwa. Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce Judy Garland, tana yarinya aka riƙa ba ta ƙwayoyi na rage ƙiba da na hana barci da na sa barci don aiki ya tafi, abin ya bi ta har ta rasu a 1969 tana da shekara 47.

In ka ƙi fim sai a dakatar da kai ba albashi, kuma a ƙara watannin dakatarwar a kan shekarunka bakwai. Olivia de Havilland ce ta ce ba ta yarda ba, ta kai Warner Bros. kotu a 1943 ta yi nasara a 1944, kotu ta ce shekara bakwai ta kalanda ce ba ƙari. Har yau da sunanta ake kiran wannan hukuncin, ita kuma ta yi tsawon rai, sai a 2020 ta rasu tana da shekara 104.

Ya suka ɗauki baƙar fata da mu 'yan Afirka?

Nan ne wurin da son da nake yi wa finafinan nan ba zai sa in rufe ido ba, don an yi mana cin fuska ba kaɗan ba. Shi kansa The Jazz Singer da ake yabo, jarumin farar fata ne da yake shafa baƙin fenti a fuska yana kwaikwayon baƙaƙe. Kafin shi akwai The Birth of a Nation na 1915 wanda ya nuna baƙar fata a matsayin miyagu, ya mai da 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan jarumai, aka haska shi har a fadar shugaban Amurka, kuma ya taimaka wajen farfaɗo da ƙungiyar. Dokar Hays ɗin nan da na yaba wa wani ɓangarenta ita ce kuma ta haramta nuna soyayya tsakanin baƙi da fari. Baƙar fata in ya samu aiki to ko dai kuku ne ko boyi ko mai ɗaukar kaya.

Hattie McDaniel ita ce baƙar fata ta farko da ta ci Oscar, a 1940, saboda rawar da ta taka a Gone with the Wind. Ba ta samu halartar bikin fara nuna fim ɗin a Atlanta ba saboda dokokin wariya, ranar karɓar kyautar ma teburinta daban aka ware mata a gefe ba tare da abokan aikinta ba, da ta rasu a 1952 kuma maƙabartar da ta yi wasiyya a binne ta a Hollywood ta ƙi karɓar gawarta. Sai a 1964 Sidney Poitier ya zama baƙar fata na farko da ya ci kyautar babban jarumi, da Lilies of the Field. Ka nemi In the Heat of the Night na 1967, akwai wurin da wani attajiri farar fata ya mare shi shi kuma nan take ya rama, a Amurkar wancan lokacin wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma su baƙaƙen ba su zauna sun naɗe hannu ba, Oscar Micheaux ya yi finafinai sama da 40 da kansa don 'yan'uwansa, Within Our Gates na 1920 yana nan ana samu.

Afirka kuwa a wurinsu daji ne da namun dawa. Tarzan ɗin da iyayenmu suka sani, Johnny Weissmuller, ɗan ninƙaya ne mai zinare biyar a gasar Olamfik, ya fara fitowa a 1932 kuma a Amurka aka riƙa ɗaukar finafinan, mutanenmu a ciki 'yan dako ne da ke faɗowa daga dutse ba mai tambayar sunansu. Akwai kuma Sanders of the River na 1935, na Ingila ne amma labarin a Najeriya ta zamanin mulkin mallaka aka ɗora shi, mawaƙin nan Ba'amurke Paul Robeson ya shiga yana zaton za a mutunta Afirka, da ya ga yadda aka haɗa shi ya zama yabon mulkin Turawa sai ya fito ya nesanta kansa da shi. A cikinsa akwai ɗan Legas Orlando Martins, wanda daga baya ya fito tare da Ronald Reagan a The Hasty Heart na 1949. Ni shawarata a kalla a san abin da aka yi, in da yara a wurin a tsayar a yi musu bayani.

Iyayenmu da kakanninmu sun kalli waɗannan finafinan kuwa?

Sosai ma, musamman na kaboyi. A Kano tun 1937 aka buɗe silimar Rex, daga baya aka samu su Palace da Plaza da El Dorado da Orion, ban da majigi da gwamnati ke yawo da ita gari-gari. A lokacin zuwa silima ba abin da dattawa ke yi wa kallon mutunci ba ne, gobarar silimar El Duniya ta 1951 da ta ci rayuka sama da 300 ta ƙara sa mutane tsoron wurin, amma duk da haka samari sun yi ta zuwa, kafin finafinan Indiya su zo su ƙwace zukata. Ka zauna da dattijon da ya yi samartaka a shekarun 1960 ka ambaci John Wayne ka ga yadda fuskarsa za ta washe.

A Nijar ma abin ya bar tabo mai ban sha'awa. A fim ɗin Moi, un noir na Jean Rouch na 1958, matasan Nijar da ke ci-rani a Abijan sunayen taurari suka laƙaba wa kansu, Oumarou Ganda shi ne Edward G. Robinson, wani kuma Tarzan. Shi Gandan nan daga baya ya zama darakta har ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1972. Moustapha Alassane kuma a 1966 ya yi Le Retour d'un aventurier, saurayi ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi ya raba wa abokansa suka hau dawaki suka addabi ƙauye. Ka ga tun a lokacin mutanenmu sun lura da abin da finafinan nan ke yi wa samari har suka mayar da martani da kyamara.

Django da finafinan Clint Eastwood na farko ai kaboyin Hollywood ne ko?

Na Italiya ne. Sergio Leone ne ya yi finafinan kaboyi uku na Eastwood tsakanin 1964 da 1966, hamadar da kake gani yawanci ta Almeriya ce a Sifaniya, Django na 1966 kuma Franco Nero ne, shi ma ɗan Italiya. Kaboyin Hollywood na asali su ne Stagecoach na 1939 da Shane na 1953 da The Searchers na 1956. Nawa na kaina shi ne High Noon na 1952, shugaban 'yan dokan gari ranar ɗaurin aurensa ya ji wanda ya taɓa ɗaurewa yana zuwa a jirgin ƙasan sha biyun rana, ya bi gida-gida yana neman mai taya shi kowa ya zame, agogo na tafiya kana gani. Sai dai a nan ma a kula, 'yan asalin ƙasar da aka ƙwace wa filaye su aka fi mayarwa miyagu a irin waɗannan finafinai.

Audrey Hepburn da Katharine Hepburn ya da ƙanwa ne?

Ba su haɗa komai ba sai suna. Katharine Ba'amurkiya ce mai Oscar huɗu. Audrey a Beljiyam aka haife ta a 1929, ta sha yunwa tana yarinya a Holan lokacin yaƙi, a ƙarshen rayuwarta ta zama jakadiyar UNICEF ta je Habasha a 1988 da Somaliya a 1992.

Citizen Kane da ake ta cewa ya fi kowane fim, da gaske ne?

Na san mutane da yawa da suka kalle shi suka ce shi ke nan? Kuma ban ga laifinsu ba, don dabarun da ya zo da su a 1941 an kwaikwaye su har sun zama ruwan dare. Orson Welles yana da shekara 25 ya yi shi, ya ba da labarin attajirin jarida bayan mutuwarsa ta bakin mutane daban-daban kowa da yadda ya san shi, mai ɗaukar hotonsa Gregg Toland ya sa na kusa da na nesa duk suna fitowa tar a hoto ɗaya. Attajirin jarida na gaske William Randolph Hearst ya gane da shi ake, ya hana jaridunsa ko ambaton fim ɗin, Oscar ɗaya tak ya samu, na rubutun labari. Kar ka fara da shi, bari sai ka kalli goma ko sha biyar na zamaninsa, a nan ne za ka ga tazarar.

Me ya sa Chaplin ya bar Amurka?

Siyasar yaƙin cacar baka ce. Daga 1947 wani kwamitin majalisar Amurka ya shiga farautar waɗanda ake zargi da kwaminisanci a harkar fim, mutum goma suka ƙi amsa tambayoyinsa aka ɗaure su, wasu ɗaruruwa aka hana su aiki. Ɗaya daga cikinsu, marubuci Dalton Trumbo, ya koma rubutu a ɓoye, labarin Roman Holiday nasa ne amma wani ne ya karɓi kyautar, sai a 1960 aka sake sa sunansa a Spartacus. Chaplin bai taɓa karɓar takardar zama ɗan Amurka ba kuma an daɗe ana zargin sa, a 1952 yana cikin jirgin ruwa zuwa Landan aka soke izininsa na dawowa, ya tare a Suwizalan. Sai a 1972 ya sake taka Amurka da aka ba shi Oscar ta girmamawa, ya rasu a 1977.

To me ya kashe wannan zamanin?

A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta ce kamfanonin su rabu da gidajen silimarsu, kuma su daina tilasta wa masu silima sayen finafinai a ƙunshe mai kyau da marar kyau. Ga talabijin ta shigo gidaje mutane sun rage fita. Sai suka koma yin abin da talabijin ba za ta iya ba, faffaɗan allo irin na The Robe a 1953, da manyan finafinai irin Ben-Hur na 1959 da ya kwashe Oscar 11, har Cleopatra na 1963 ya kusa durƙusar da Fox saboda kuɗin da ya ci. A 1968 aka ajiye dokar Hays aka koma rarraba finafinai bisa shekarun mai kallo.

A ina ake samun su, kuma duk suna nan?

Waɗanda suka wuce shekara 95 haƙƙin mallakarsu ya ƙare a Amurka, don haka na zamanin rashin magana suna nan kyauta a YouTube da Internet Archive, har da wasu da suka zo daga baya irin His Girl Friday na 1940. Amma da yawa sun tafi har abada. Zaren fim na da irin mai kamawa da wuta ne kuma yana ruɓewa, rumbun Fox ya ƙone a 1937, na MGM a 1965, wani binciken ɗakin karatu na majalisar Amurka a 2013 ya gano kashi 70 cikin ɗari na dogayen finafinansu marasa magana sun ɓace. Duk lokacin da na tuna wannan sai hankalina ya koma kan kaset-kaset ɗin finafinan Hausa na shekarun 1990 da ke jibge a shaguna da ɗakuna zafi da ƙura na cin su. Shaihu Umar na Adamu Halilu na 1976 ma an daɗe ana zaton ya ɓace kafin a gano zarensa a gyara shi a nuna a Balin a 2018. In akwai tsofaffin kaset a gidanku, don Allah a nemi mai mayar da su kan kwamfuta.

Na sauke wani amma hoton bai cika allo ba, baƙi a dama baƙi a hagu, kwafin ne ya lalace?

Lafiyarsa ƙalau. Kafin 1953 kusan duk finafinai a siffar tsohuwar talabijin aka ɗauke su, faɗin bai fi tsayin da yawa ba. Kar ka ja shi ya cika allon waya, in ka ja kowa zai koma gajere mai faɗi, in kuma ka zuƙo shi za ka yanke kawunan mutane da rubutun fassarar da ke ƙasa. Bar shi yadda yake, ka kashe fitilar ɗaki, baƙin gefen zai ɓace da kansa.